Clara Ugbodaga-Ngu da Tarihin Adana Zane-zanen Mata

Tarihin zane-zane, kamar yadda ake karantar da shi a jami'o'i, ya dogara ne kacokan a kan abin da ya tsira daga wuta da ruwa da gara, kuma da wuya wani zane ya tsira sai an sami mutum ko gida da ya ga darajarsa tun mai shi yana raye, ya saya ko ya karɓa kyauta, ya rubuta sunan wanda ya yi shi da shekarar da aka yi, sannan ya nema masa wurin ajiya. Wannan aiki na tarawa da adanawa ya fi shafar mata a kan maza, domin a yawancin ƙasashe mace mai zane ba ta da shago mai ɗauke da sunanta, ba ta da almajiran da za su riƙa ambatonta bayan ta rasu, kuma sau da yawa aure yakan canja mata suna da gari. Arewacin Najeriya na da nasa misali a kan Clara Etso Ugbodaga-Ngu, wadda aka haifa a Kano a 1921, ta zama 'yar Najeriya ta farko da ta koyar da zane a kwalejin Zariya, amma a yau mai son ganin ayyukanta da aka fi sani sai ya nufi Ingila ko Amurka.

Kafin a zo kanta, yana da kyau a dubi wani reshe na zane da mata suka yi fice a cikinsa tun da wuri a Turai, wato ƙaramin hoton fuska na hannu. Wannan hoto ne da bai wuce tafin hannu ba, wani ma bai kai haka ba, wanda ake zanawa da fentin ruwa da buroshi mai tsinin gaske, kuma a ƙarni na 16 a kan yi shi ne a bisa lallausar fatar da aka jeme aka kankare, sannan a manna ta a jikin katin karta don kada ta lanƙwashe. Idan an gama sai a saka shi cikin ɗan gida na zinariya ko azurfa mai murfin gilashi, a rataya a wuya ko a ɓoye a aljihu, kuma a ƙarnonin da suka biyo baya har akan kitsa 'yan silin gashin mai hoton a saka a bayan gidan. Sarakuna sun riƙa aika wa juna irinsa a lokacin neman aure, matafiya da sojoji kuma suna barin nasu a gida, saboda haka tun asalinsa kayan sirri ne na iyali, kuma wannan ne ya sa sunan wanda aka zana yakan daɗe ana tunawa da shi fiye da sunan wanda ya zana.

Mata biyu sun isa su nuna yadda tarawa ke raya suna ko rashinta ke binne shi. Levina Teerlinc, 'yar mai ƙawata littattafai Simon Bening na birnin Bruges, ta shiga hidimar fadar Ingila wajen 1546, inda aka yanka mata albashin fam 40 a shekara, ta yi wa Henry na VIII aiki, da Edward na VI, da Mary ta I, da Elizabeth ta I, har ta rasu a 1576. Takardun fada sun tabbatar da albashinta da hotunan da ta riƙa miƙa wa sarauniya a matsayin kyautar sabuwar shekara, amma da yake ba ta sa hannu a kan aikinta ba, masana har yanzu suna jayayya a kan wane hoto ne nata, kuma duk abin da ake jingina mata hasashe ne da aka gina a kan salo. Rosalba Carriera ta Venis, wadda ta rayu daga 1673 zuwa 1757, ta fara ne da zana murafan 'yan akwatunan taba, ta yaɗa amfani da siraran yankan hauren giwa a madadin fata, aka karɓe ta a makarantar masu zane ta Rum a 1705 da ta Faris a 1720. Ita ta dace da mai tarawa, domin Augustus na III, sarkin Saksoni da Folan, ya sayi zane-zanenta na alli mai launi fiye da 150 ya tara a Dresden, shi ya sa ake iya bin sawun aikinta shekara bayan shekara. Ƙwarewa ba ita ta raba matan nan biyu ba, ɗaya ta sami wanda ya tara aikinta wuri guda da sunanta a kai, ɗaya kuwa nata ya watsu a gidajen manya ba tare da shaida ba.

Sana'ar ta fara ja da baya bayan 1839, lokacin da aka bayyana fasahar ɗaukar hoto da na'ura a Faransa, sai ƙananan hotunan suka koma kayan gado da kayan gwanjo. Hauren da aka zana su a kai ya fito ne daga giwayen Afirka da Asiya, kuma Kano na cikin kasuwannin da ayarin raƙuma ke ɗaukar haure zuwa Tarabulus a ƙarni na 19, tare da gashin jimina da jemammun fatu. Dokar Birtaniya ta 2018 da ta haramta cinikin haure ta keɓe waɗannan hotuna, matuƙar an yi su kafin 1918 kuma faɗinsu bai wuce murabba'in santimita 320 ba, abin da ya ƙara tilasta wa masu tarawa neman takardar shaidar asali ga kowane guda.

A ƙasar Hausa ba a gaji zana fuskar mutum da buroshi ba, saboda malamai da yawa sun ƙyamaci surar abu mai rai, kuma al'umma ta riga ta mallaki wata hanyar adana kamannin mutum, wato kirari da waƙa, inda maroƙi ko mawaƙi ke fayyace hali da asali da jarumtar wanda yake wasawa. Ƙaramin aiki mai tsananin natsuwa kuwa ya tafi ne ga zayyana, wato adon da marubutan Alƙur'ani ke yi da tawada baƙa da ja da rawaya a farkon sura da wuraren rabon hizbi, da kuma allon da ake ƙawatawa don ɗalibin da ya yi sauka. Sai da hoton na'ura ya iso ne fuska ta shiga ɗakuna, ta hanyar hoton aure da kalandar sarakuna da 'yan ƙananan hotunan shehunnai, irin na Shehu Ibrahim Inyass da mabiyansa ke maƙalawa a ƙirji ko a gaban mota. Mata kuwa sun daɗe suna aikin ido da launi, a jeren kwanuka da tasoshin ɗakin amarya, da ɗinkin hula, da saƙar faifai, da zanen lalle, sai dai dukkan waɗannan kaya ne na amfani, waɗanda idan sun tsufa ake musanya su da sababbi, kuma babu al'adar rubuta sunan wadda ta yi su.

Haka abin yake a can arewa cikin duwatsun Ahaggar na lardin Tamanrasat a Aljeriya, domin a wurin Buzaye matan maƙera ne ke riƙe da dukanci, su jeme fata su rina ta, su yanka mata tsaga da tuntaye su ɗinka jakunkuna da matasai, kuma irin waɗannan kaya sun cika gidajen tarihi na Turai da sunan ƙabila da yanki a jikinsu, ba tare da sunan mace ko ɗaya ba. A wannan yanki dai an san sunan Dasin, mawaƙiyar Ahaggar, saboda Bafaranshe Charles de Foucauld, wanda ya zauna a Tamanrasat daga 1905 har aka kashe shi a 1916, ya rubuta waƙoƙin Buzaye tare da sunayen waɗanda suka yi su. Misalin da ya fi kusa da gida shi ne na Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, wadda rubuce-rubucenta na Larabci da Fulatanci da Hausa suka tsira saboda gidan Waziri na Sakkwato ya riƙe su hannu bayan hannu har zuwa zamanin Waziri Junaidu, daga nan masu bincike Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara su suka buga a 1997. Wannan ya nuna cewa al'ummar nan ta san yadda ake adana aikin mace idan ta ɗauke shi a matsayin ilimi, kuma abin tambaya shi ne dalilin da ya sa zane bai sami wannan matsayi ba.

Clara Ugbodaga ta taso ne a cikin wannan yanayi, duk da cewa iyayenta mutanen ƙasar Edo ne da zama ya kawo su Kano, kamar dubban 'yan kudu da suka biyo layin dogo bayan ya iso birnin a 1911. Ta koyar da zane a makarantun mishan daga 1945 zuwa 1950, sannan gwamnatin mulkin mallaka ta ba ta tallafin karatu zuwa makarantar zane ta Chelsea da ke Landan, inda ta sami difloma a 1954, ta ƙara da takardar shaidar malanta daga Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Landan a 1955. A wannan shekara ce aka ɗauke sashen zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Najeriya daga Ibadan aka kai shi Zariya, kuma ta shiga cikin malamansa a matsayin 'yar ƙasa ta farko, a tsakiyar malamai Turawa da ke koyar da manhajar da aka kwaso daga makarantun Birtaniya. Kwalejin ce ta zama tushen Jami'ar Ahmadu Bello a 1962.

Muhimmancin waɗannan shekaru ya fito ne daga ɗaliban da suka zauna a azuzuwan sashen. A 1958 wasu daga cikinsu, waɗanda suka haɗa da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Simon Okeke, suka kafa Ƙungiyar Zane ta Zariya, wadda daga baya aka riƙa kiran mambobinta 'yan tawayen Zariya, kuma manufarsu ita ce a haɗa dabarun da aka koyo daga Turai da siffofi da adon gargajiyar ƙasa, maimakon a yi ta kwaikwayon abin da malamai suka zo da shi. An rubuta littattafai da kundaye masu yawa a kan waɗannan samari, kuma sun cancanci hakan, amma malamar da suka gani da idonsu tana tsaye a gaban aji, 'yar ƙasarsu da ta riga su zuwa Landan ta dawo tana zana mutanen kasuwa da na titi, sau da yawa layi ɗaya ko biyu take samu a cikin waɗannan littattafai. Wannan rashin adalci ne na zahiri, kuma babban dalilinsa shi ne cewa ɗaliban sun adana takardunsu da ayyukansu, Uche Okeke ma har ya kafa cibiyar Asele a garinsu Nimo don wannan aiki, ita kuwa nata ayyukan sun rarrabu. A 1958 ɗin dai ta yi baje kolin ayyukanta ita kaɗai a Cibiyar Kwamanwel da ke Landan, shekarar da Afi Ekong ita ma ta yi nata a Legas. Daga baya ta auri likitan tiyata ɗan Kamaru, Victor Anomah Ngu, wanda ya shugabanci Jami'ar Yawunde kuma ya riƙe ma'aikatar lafiya ta ƙasarsa, ta ba da shawara a shirye-shiryen bikin al'adun baƙar fata na Festak da aka yi a Legas a 1977, ta kuma koyar a Jami'ar Benin, saboda haka rayuwarta ta ratsa garuruwa da ƙasashe, kuma kowace ƙaura tana da abin da take ci daga kayan mai zane.

Abin da aka fi sani daga aikinta ya tsira ne ta hannun masu tarawa biyu na ƙetare. Na farko shi ne Gidauniyar Harmon ta birnin New York, wadda William E. Harmon ya kafa a 1922 kuma Mary Beattie Brady ta jagoranta, wadda ta fara da tallafa wa baƙaƙen fatar Amurka masu zane, sannan bayan yaƙin duniya na biyu ta juya ga masu zanen Afirka, tana rubuta musu wasiƙu, tana neman tarihin rayuwarsu da hotunan ayyukansu, tana kuma karɓar zane-zanen don baje koli da sayarwa. Da gidauniyar ta rufe a 1967 sai ta raba abin da ta tara ga wasu cibiyoyi, ciki har da jami'o'in baƙaƙen fata biyu, Fisk da ke Nashville da Hampton da ke Bajiniya. Ta wannan hanya ce zanenta na 1963 mai suna Beggars, wato mabarata, ya isa Fisk, wani kuma na shekarar, na mai sayar da bammi Bayarabe, ya isa Hampton. Na biyu shi ne tarin Danford na Jami'ar Birmingham, wanda ya samo sunansa daga John Danford, jami'in hukumar al'adu ta Birtaniya a Najeriya, kuma a cikinsa akwai zanenta na fentin mai na 1960 wanda ba ya kwaikwayon surar wani abu da ido ya sani, sai siffofi da launuka kawai, salon da ba a cika jingina shi ga matan Afirka na wancan zamani ba.

Idan aka ajiye labarinta kusa da na Ladi Kwali sai bambancin ya ƙara fitowa. Ladi maginiyar tukwane ce Bagwariya daga garin Kwali, wadda ke gina randa da tulu da hannu ba tare da na'urar juyi ba, tana ɗora yumɓu zobe bisa zobe tana zagaya tukunyar, sannan ta tsaga mata zanen ƙadangare da kunama da kifi da kada da tsuntsu a tsakanin layuka, ta birgima murɗaɗɗiyar igiya a jikin ɗanyen yumɓun don fitar da ado. Wanda ya fara tara aikinta ɗan ƙasa ne, Sarkin Abuja Alhaji Sulaimanu Barau, na zuriyar sarakunan Haɓe na Zazzau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979 kuma aka sauya sunan tsohon garin Abuja zuwa Suleja saboda shi. A gidansa ne Bature maginin tukwane Michael Cardew ya ga tukwanenta, kuma bayan ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a Abuja ta shiga a 1954 a matsayin mace ta farko, ta riƙa buga hatimin haruffan sunanta a gindin abin da ta gina. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a Minna a 1984, kuma hotonta na bayan takardar naira 20. Sarki ɗaya da ya ga tukunyar ruwa ya ce wannan ta ajiya ce, ya kuma riƙe sunan maginiyar, ya yi wa tarihin fasahar ƙasar nan hidimar da ba a yaba masa yadda ya kamata ba.

A Aljeriya ma an ga irin wannan a kan mai zane Baya, wadda aka haifa a 1931 ta tashi marainiya, aka baje ayyukanta a zauren Maeght na Faris a 1947 tana da shekara 16. Bayan aurenta a Blida a 1953 ta ajiye buroshi kusan shekara goma, kuma abin da ya taimaka wajen dawo da ita shi ne cewa gidan adana zane-zane na ƙasa da ke Aljas ya nemi tsofaffin ayyukanta ya baje su a 1963, shekara guda bayan samun 'yancin kai. Hukumar ƙasarta ce ta nuna mata cewa aikin yana da mazauni a gida, sai ta ci gaba da zane har ta rasu a 1998.

Dalilan da suka hana Arewa yin haka ga Ugbodaga-Ngu ba ɓoyayyu ba ne. Gidajen tarihin da aka kafa a ƙarshen mulkin mallaka, irin na Jos da Bernard Fagg ya buɗe a 1952 da na Legas na 1957, an gina su ne don kayan da, kamar gumakan Nok da tagullar Benin, kuma Gidan Makama na Kano ya bi wannan layi na kayan sarauta da yaƙi da sana'o'in gargajiya, yayin da Gidan Arewa na Kaduna ya mai da hankali ga takardu. Hukumar adana zane-zanen zamani ta ƙasa ba ta samu dokar kafuwa ba sai a 1993, lokacin da yawancin ayyukan shekarun 1950 da 1960 sun riga sun watse. Attajiran yankin, waɗanda ba su taɓa ƙyashin kashe kuɗi a kan doki da alkyabba da littafi ba, ba su saba da sayen zane ba. Ga kuma yanayin ƙasa, wanda ba ya raga wa fentin mai, domin ƙyallen da aka ɗaure a jikin katako yakan saki da damina ya ɗaure da hunturu, wannan kai da komo ya sa fentin ya tsattsage kamar ƙasan tafkin da ya ƙafe, ƙura ta shige cikin tsagar, gara kuma ta cinye katakon ta baya tare da 'yar takardar da ke ɗauke da suna da shekara. Zanen da ya rasa wannan takarda ya rasa rabin darajarsa a wurin masana da 'yan gwanjo, ko da fentin bai taɓu ba, saboda shaidar asali, wato jerin hannayen da abu ya bi tun daga mai shi, ita ce ke raba tabbas da zato.

A 'yan shekarun nan sunanta ya sake fitowa, kuma ta hanyar waɗancan tarin ne ya fito. Baje kolin da aka buɗe a Jami'ar Fisk a 2022 a kan zanen zamani na Afirka a Amurka tsakanin 1947 da 1967 ya nuna aikinta, haka ma babban baje kolin zanen zamani na Najeriya da gidan Tate na Landan ya buɗe a watan Oktoba na 2025, inda aka haɗa ta da Ladi Kwali da ɗalibanta na Zariya a ƙarƙashin rufi ɗaya. Aikin da ya rage na masu bincike ne, musamman na sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ya gaji ajin da ta koyar, kuma shi ne haɗa cikakken kundin ayyukanta, wanda zai lissafa kowane zane da girmansa da shekararsa da wurin da yake da hannayen da ya bi. Kayan wannan aiki suna nan a warwatse, a takardun Gidauniyar Harmon da ke ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka a Washinton, da bayanan tarin Danford a Birmingham, da tsofaffin fayilolin kwalejin Zariya, da kuma bakin waɗanda ta koyar a Zariya da Benin da suka rage a raye.